Kamfanin Hilton: Tambayoyi da Amsoshi Kan Tarihinsa da Sunayen Otal-otal Ɗinsa

Mutane da yawa a Najeriya sun san sunan Hilton ne ta dalilin babban otal ɗin da ke unguwar Maitama a Abuja, inda ake yawan gudanar da tarukan gwamnati da na 'yan kasuwa. Alhazai da masu zuwa Umara kuma suna ganin sunan a jikin dogayen gine-ginen da ke kewaye da Harami a Makka. Sai dai kaɗan ne suka san cewa kamfanin da ke da wannan suna ba shi ne ya mallaki mafi yawan waɗannan gine-gine ba, kuma wannan shi ne abu mafi muhimmanci a tarihinsa.

Wane ne Hilton, kuma ta yaya ya shiga harkar otal?

Conrad Nicholson Hilton ɗan Amurka ne da aka haifa ranar 25 ga Disamba 1887 a wani ƙaramin gari mai suna San Antonio a yankin New Mexico. Mahaifinsa ɗan ƙasar Norwe ne da ya yi ƙaura zuwa Amurka ya buɗe kanti, kuma a lokacin da kasuwa ta yi sanyi iyalin sukan ba matafiya hayar ɗakuna a gidansu, ta nan yaron ya fara sanin hidimar baƙi. Ya yi ɗan majalisa a jiharsu, ya kuma yi aikin soja a Faransa a Yaƙin Duniya na Farko.

A shekarar 1919 ya je garin Cisco da ke jihar Texas da niyyar sayen banki, amma cinikin bai faɗa ba. A lokacin an gano man fetur a yankin, ma'aikata sun cika garin har wurin kwana ya yi wuya. Da ya je neman ɗaki a wani otal mai suna Mobley, mai ɗakuna 40, sai ya tarar ana ba da hayar kowane gado na awa takwas-takwas, wato sau uku a rana ɗaya. Ganin haka ya sa ya bar maganar banki ya haɗa kuɗi da wasu abokan hulɗa ya sayi otal ɗin. Otal na farko da ya gina da kansa ya kuma sa masa sunansa shi ne na birnin Dallas, wanda aka buɗe a 1925.

Ta yaya ƙaramin kamfani na Texas ya zama na ƙasa baki ɗaya?

Da farko dai saura ƙiris ya rushe. Karyewar tattalin arzikin Amurka da ta fara a 1929 ta hana mutane tafiye-tafiye, bashi ya yi wa Hilton katutu, ya rasa wasu daga cikin otal-otal ɗinsa, har ta kai ya koma yana gudanar da su a ƙarƙashin waɗanda suka ba shi rance. Da al'amura suka fara daidaita sai ya lura cewa manyan otal-otal da aka gina da tsada kafin karyewar sun faɗi warwas a farashi, don haka ya mayar da hankali ga sayen su maimakon gina sababbi.

A 1943 ya karɓi Roosevelt da Plaza a birnin New York. A 1945 ya sayi Palmer House da Stevens a Chicago, kuma Stevens a lokacin shi ne otal mafi yawan ɗakuna a duniya. An kafa Hilton Hotels Corporation a 1946. A 1949 ya sami iko da Waldorf Astoria na New York, otal ɗin da ya daɗe yana ajiye hotonsa a kan teburinsa tun yana cikin bashi. A 1954 kuma ya sayi kamfanin Statler baki ɗaya kan dala miliyan 111, cinikin gidaje mafi girma da aka taɓa yi zuwa wannan lokaci.

Yaushe kamfanin ya fara fita wajen Amurka, kuma me ya bambanta wannan mataki?

Wannan shi ne wurin da ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin a nan ne aka shuka irin abin da kamfanin ya zama a yau. Gwamnatin tsibirin Puerto Rico tana neman jawo masu yawon buɗe ido da masu zuba jari, sai ta gina otal da kuɗinta ta nemi kamfanin da zai tafiyar da shi. Hilton ya karɓa, aka buɗe Caribe Hilton a San Juan a 1949, bisa sharaɗin cewa gwamnati mai ginin za ta riƙa karɓar kashi biyu cikin uku na ribar aiki, Hilton kuma ya riƙe kashi ɗaya. Kamfanin bai sayi fili ba, bai zuba siminti ba, abin da ya kawo shi ne suna da ƙwarewa da kuma baƙi daga Amurka.

Da wannan tsari, tare da 'yan sauye-sauye, reshen da ake kira Hilton International ya bazu. An buɗe otal a Madrid a 1953, a Istanbul a 1955, a Habana ta Kuba a 1958, sannan Nile Hilton a Alƙahira a 1959. Na Istanbul an gina shi ne da kuɗin asusun fansho na ma'aikatan Turkiyya tare da tallafin Amurka. Ba a ɓoye yake ba cewa akwai siyasa a ciki, domin zamanin Yaƙin Cacar Baka ne, kuma Conrad Hilton da kansa yana ɗaukar otal-otal ɗin nan a matsayin hanyar nuna wa duniya salon rayuwar Amurka da kuma tare gaban kwaminisanci. Ƙasashe masu tasowa kuma suna ɗaukar samun Hilton a babban birninsu a matsayin alamar ci gaba, shi ya sa aka buɗe na Addis Ababa da na Nairobi a 1969.

Abin da ya faru a Kuba ya nuna amfanin tsarin ga kamfanin. Bayan juyin juya halin 1959 Fidel Castro ya mayar da otal ɗin hedkwatarsa na ɗan lokaci, a 1960 kuma gwamnati ta ƙwace shi ta sauya masa suna zuwa Habana Libre. Hilton ya yi asarar aiki da kuɗin shiga, amma ginin dama ba nasa ba ne, na asusun fansho na ƙungiyar ma'aikatan otal da gidajen abinci na ƙasar ne.

Gaskiya ne cewa an taɓa samun kamfanoni biyu masu sunan Hilton?

Gaskiya ne, kuma an shafe fiye da shekara 40 a haka. A 1964 aka ware Hilton International ya zama kamfani mai zaman kansa, a 1967 kuma kamfanin jiragen sama na TWA ya saye shi. Bayan ya wuce ta wasu hannaye, a 1987 ya faɗa hannun Ladbroke na Birtaniya, wanda asalin sana'arsa caca ce kan wasanni. Sakamakon haka kamfanin Amurka ba shi da ikon amfani da sunan Hilton a ƙasashen waje, shi kuma na waje ba shi da ikon amfani da shi a cikin Amurka. Wannan ne ya sa kamfanin Amurka ya ƙirƙiro sunan Conrad a shekarun 1980 don ya samu ya buɗe otal-otal a ƙetare. Sai a farkon 2006 aka sake haɗe su, lokacin da kamfanin Amurka ya biya kimanin fam biliyan 3.3 ya dawo da ɓangaren waje. Saboda haka otal ɗin Abuja, lokacin da aka buɗe shi, yana ƙarƙashin Hilton International ne, ba kamfanin da iyalan Hilton ke jagoranta ba.

To idan ba Hilton ne ke da gine-ginen ba, wane ne ke da su, kuma da me kamfanin ke samun kuɗi?

Zuwa ƙarshen 2024 kamfanin yana da otal fiye da 8,000 da ɗakuna sama da miliyan 1.2 a ƙasashe da yankuna kimanin 140, amma waɗanda ya mallaka ko yake haya da kansa ba su wuce kimanin 50 ba. Sauran duk na wasu ne: attajirai, kamfanonin gidaje, asusun fansho, ko gwamnatoci.

Hanyoyi biyu ne ake bi. Ta farko ita ce yarjejeniyar gudanarwa, inda mai gini zai miƙa wa Hilton ragamar aikin yau da kullum, kamfanin ya naɗa babban manaja ya tsara yadda za a yi komai, sannan ya ɗauki wani kaso daga kuɗin shiga da wani kaso daga riba. Ta biyu, wadda ta fi yawa nesa ba kusa ba, ita ce hayar suna: mai gini ne zai ɗauki ma'aikatansa ya tafiyar da otal ɗinsa, amma ya sa sunan Hilton ko ɗaya daga cikin sunayen kamfanin, ya bi ƙa'idojinsa na gado da tsafta da abinci, ya amince a riƙa zuwa duba shi, ya kuma biya lada. A Amurka wannan lada yawanci tana kai kashi 5 zuwa 6 cikin ɗari na kuɗin ɗakuna, ban da wasu kuɗaɗen talla da na tsarin kama ɗaki. Abin ya yi kama da gidajen mai da ke ɗauke da sunan babban kamfani alhali dillali ne ya gina su yake kuma biyan ma'aikatansu.

Ɗan Conrad, wato Barron Hilton, wanda ya zama shugaban kamfanin a 1966, shi ne ya ƙarfafa wannan hanya. A tsakiyar shekarun 1970 ya sayar wa kamfanin inshora na Prudential rabin hannun jari a manyan otal-otal guda shida, amma ya riƙe aikin gudanar da su. An ci gaba a haka har zuwa 2014, lokacin da aka sayar da Waldorf Astoria na New York kansa ga kamfanin Anbang na ƙasar Sin kan dala biliyan 1.95, tare da yarjejeniyar cewa Hilton zai ci gaba da gudanar da shi na shekara 100. A Janairun 2017 kuma aka kwashe mafi yawan gine-ginen da suka rage aka kafa musu kamfani daban mai suna Park Hotels & Resorts.

A ganina ya kamata duk mai sha'awar zuba jari a wannan harka ya fahimci yadda aka raba haɗari a nan. Ladar hayar suna ana cire ta ne daga kuɗin da ya shigo, ba daga ribar da ta rage ba. Idan kuɗin dizal ya tashi, ko darajar kuɗin ƙasa ta faɗi, ko bashin banki ya yi nauyi, mai gini ne zai ji a jikinsa kafin kowa. Abin da yake samu a madadin haka shi ne baƙi da ba zai iya jawowa da sunansa kaɗai ba, da kuma sauƙin samun rance, tunda bankuna sun fi sakin jiki da otal mai sanannen suna.

Wace rawa kamfanin Blackstone ya taka?

A 2007 kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi Hilton baki ɗaya kan kimanin dala biliyan 26, mafi yawa da kuɗin rance, ya kuma naɗa Christopher Nassetta shugaba. Ba a jima ba rikicin kuɗi na 2008 ya auku, mutane da yawa suka ɗauka cinikin ya zama asara. An sake tsara bashin, aka mayar da hedkwata daga Beverly Hills zuwa McLean a jihar Virginia a 2009, aka kuma duƙufa wajen ƙara yawan otal-otal ta hanyar hayar suna, musamman a ƙasashen waje. A Disambar 2013 kamfanin ya koma kasuwar hannayen jari, kuma lokacin da Blackstone ya gama sayar da rabonsa a 2018 ya fita da ribar kimanin dala biliyan 14.

Me ya sa kamfani ɗaya yake da sunaye fiye da 20?

Dalili na farko shi ne matafiya ba ɗaya ba ne. Minista da ya zo taro, da injiniya da zai yi wata biyu a wurin aiki, da iyali masu tafiya a mota da ke neman wurin kwana ɗaya, kowa da abin da yake nema da abin da zai iya biya. Idan aka sa musu suna ɗaya, mai biyan tsada zai ga an rage wa sunan daraja, mai neman sauƙi kuma zai ji tsoron shiga.

Dalili na biyu ba a cika faɗarsa ba, amma yana da ƙarfi. Tunda kamfanin daga masu gini yake samun kuɗi, yawan sunaye yana ba shi damar samun otal biyar ko shida a gari ɗaya ba tare da ya sa suna ɗaya a gine-gine biyu da ke kallon juna ba. Abin da ke ɗaure su duka shi ne tsarin tara maki na Hilton Honors, wanda aka fara a 1987 kuma mambobinsa suka haura miliyan 200. Wanda ya tara maki a otal mai araha lokacin tafiyar aiki zai iya kashe su a otal mai tsada lokacin hutu, don haka ba ya son fita daga cikin gidan.

Waɗanne ne manyan sunayen, kuma daga ina suka fito?

A can sama akwai Waldorf Astoria da Conrad da LXR, na masu hannu da shuni. A tsakiya akwai Hilton Hotels & Resorts, wato asalin sunan, wanda aka san shi da manyan zaurukan taro da gidajen abinci, sai DoubleTree, wanda ya shahara da ba baƙo biskit mai ɗumi mai cakulan da zarar ya iso, da Embassy Suites, inda kowane masauki ke da falo da ɗakin kwana. Ƙasa da su a farashi akwai Hilton Garden Inn da Hampton da Tru da Spark. Homewood Suites da Home2 Suites kuwa an yi su ne don masu dogon zama, shi ya sa ake sa musu ɗan wurin girki.

Abin lura shi ne da yawa daga cikin waɗannan ba Hilton ne ya haife su ba. Hampton da Embassy Suites da Homewood Suites sun fito ne daga gidan da ya kafa Holiday Inn, wato abokin hamayya, DoubleTree kuma an fara shi a jihar Arizona a 1969. Dukansu sun shigo hannun Hilton a 1999 lokacin da ya sayi kamfanin Promus. A yau Hampton, wanda aka fara a Memphis a 1984, shi ne ya fi kowane suna yawan otal a kamfanin, da sama da 3,000, duk da cewa ba shi da ƙyalƙyalin da mutane ke dangantawa da Hilton.

Akwai kuma Curio, da aka ƙaddamar a 2014, da Tapestry a 2017. Waɗannan an yi su ne don otal-otal masu zaman kansu da ke son riƙe sunansu da salonsu amma su shiga tsarin kama ɗaki da na maki na Hilton. A 2024 kamfanin ya ƙara da Graduate, mai otal-otal a garuruwan jami'o'i, wanda ya saya kan dala miliyan 210. Hanyar ƙirƙiro sababbin sunaye ba ta rasa tuntuɓe ba: a 2009 kamfanin otal-otal na Starwood ya kai Hilton kotu bisa zargin cewa tsofaffin ma'aikatansa sun tafi da takardun sirri aka yi amfani da su wajen tsara wani suna mai suna Denizen. An sasanta a 2010, aka kuma yi watsi da sunan.

Mene ne matsayin Transcorp Hilton na Abuja a cikin wannan tsari?

Shi ne misali mafi kusa na duk abin da aka bayyana. An buɗe shi a 1987 da sunan Nicon Noga Hilton, shekara huɗu kafin gwamnatin tarayya ta kammala ƙaura daga Legas zuwa Abuja a Disambar 1991. Nicon kamfanin inshora ne na gwamnati, Noga kuma kamfanin ƙasar Suwizalan ne da ke da hannu a aikin ginin, don haka sunan kansa yana nuna mai kuɗi da magini da mai gudanarwa. A 2005, lokacin sayar da kadarorin gwamnati, kamfanin Transcorp ya sayi kashi 51 cikin ɗari, sunan ya koma Transcorp Hilton. Mai otal ɗin a yau shi ne Transcorp Hotels, kamfanin Najeriya da ke kasuwar hannayen jari ta ƙasar, a cikin rukunin da Tony Elumelu ke shugabanta, Hilton kuma yana ba da suna da gudanarwa. Otal ɗin yana da ɗakuna fiye da 600, kuma a nan aka yi taron tattalin arzikin duniya kan Afirka a watan Mayun 2014.

A Legas akwai Legend Hotel da ke kusa da filin jirgin sama na Murtala Muhammed, wanda ya shiga jerin Curio a 2018. A maƙwabta kuma akwai Hilton na Yawunde a Kamaru. Sunan yana iya sauka daga kan gini idan yarjejeniya ta ƙare, kamar yadda Nile Hilton na Alƙahira ya koma Ritz-Carlton, sunan wani kamfanin otal daban, ko kuma na tsakiyar Nairobi da aka rufe a ƙarshen 2022.

Ga Musulmi mai lura da abin da ya shafi caca da giya, yaya lamarin yake?

Kamfanin ya taɓa shiga harkar caca sosai. A farkon shekarun 1970 Barron Hilton ya sayi manyan otal biyu masu gidajen caca a Las Vegas, wato International da Flamingo, kuma na tsawon shekaru suna kawo kaso mai yawa na ribar kamfanin. A 1998 aka ware wannan ɓangare ya zama kamfani daban. Duk da haka har yanzu akan sami gidan caca a harabar wasu otal-otal masu sunan Hilton, ana kuma sayar da giya a mafi yawansu, gwargwadon dokar ƙasa da zaɓin mai gini. A Makka da Madina, inda kamfanin ke da Conrad da Hilton Suites da DoubleTree a rukunin gine-ginen Jabal Omar da kuma Madinah Hilton kusa da Masallacin Annabi (SAW), babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, tunda dokar Saudiyya ta hana. Gine-ginen Jabal Omar kuma na wani kamfanin Saudiyya ne mai wannan suna. Wanda abin ya dame shi ya fi dacewa ya binciki otal ɗin da zai sauka a ciki shi kansa, domin sunan da ke kan ƙofa ba ya ba da amsa.

Shin iyalan Hilton ne ke riƙe da kamfanin har yanzu?

A'a. Tun bayan cinikin 2007 iyalin ba su da iko da shi, kuma manyan masu hannun jari a yau kamfanonin zuba jari ne. Conrad Hilton ya rasu a Janairun 1979, ya kuma bar mafi yawan dukiyarsa ga gidauniyar agaji da ya kafa a 1944 mai ɗauke da sunansa. Barron, wanda ya rasu a 2019, shi ma ya yi alkawarin barin kashi 97 cikin ɗari na dukiyarsa ga gidauniyar. Gidauniyar ba ta ƙarƙashin kamfanin otal ɗin, tana da shugabanninta da kuɗinta daban. Ta tallafa wa ayyukan samar da ruwan sha a Gana da Mali da Nijar, tana kuma cikin waɗanda suka ba Cibiyar Carter, ta tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, kuɗi don yaƙi da ciwon ido na amodari a Nijar da Mali.